Labarin Masujadar Martin ta Kantabari

'Yan'uwa, a wannan taro muna so mu ba ku labarin wata ƙaramar masujada ta ƙasar Ingila. Tana bisa tudu a gabashin birnin Kantabari, bayan ganuwa, ana ce da ita masujadar Martin. A dukan Ingila babu masujadar unguwa da ta kai ta daɗewa ana sujada a ciki.

Wajen shekara ta 580 Sarkin Kent, Etelbat, ya auro Barta, 'yar sarki daga ƙasar da mu ke kira Faransa yanzu. Ita mai bi ce, shi kuwa gumaka ya ke bauta wa. Iyayenta ba su ba da ita ba sai da ya yi alkawari ba zai hana ta addininta ba. Ya ba ta wani tsohon ɗaki, nan ta kan je addu'a tare da malaminta Liyudad. Shekaru suka wuce, mijin bai tuba ba, ita kuwa ba ta bar zuwa ba. A 597 Agustin ya iso daga Roma da mutum wajen 40. Cikin ɗakin nan suka fara taruwa, daga baya sarki ya karɓi baftisma.

Ginin kansa shi ne shaida. In kun duba bango za ku ga jan tubali gasasshe, mai faɗi, marar kauri, a tsakanin duwatsu. Tubalin Romawa ne, waɗanda suka bar ƙasar tun wajen 410. Magina suka kwaso shi daga kangaye suka sāke ɗorawa, kamar yadda mu kan kwaɓa ƙasar tsohon kango mu ta da sabon ɗaki. A bangon kudu akwai ƙofa da aka toshe, tana cikin sashen da ya fi tsufa. Da jama'a ta ƙaru aka ƙara babban ɗaki ta yamma. Hasumiya kuwa sai a ƙarni na 14 aka gina ta.

Akwai kwamin baftisma na dutse da mutane su kan ce a ciki aka yi wa sarki baftisma. Labarin da daɗi, amma masana sun ce kwamin na ƙarni na 12 ne, mu ma maganarsu mu ke bi.

A 1988 UNESCO ta sa masujadar cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙi suna zuwa kallo, mutanen unguwa kuwa har yanzu suna taruwa a ciki ran Lahadi.