Yadda Ake Koya Wa Likita Gano Cuta

Wannan shi ne jawabin da wani malami mai koyar da aikin likita ya yi wa taron 'yan Arewa mazauna Ikko, a kan yadda ake koya wa ɗalibi gano cuta, da yadda ake jarraba shi kafin a danƙa masa rayukan mutane.

Malamin ya fara da tuna wa jama'a abin da ya faru a garin nan cikin watan Yuli na shekara ta 2014. Wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka filin jirgin sama daga Laberiya yana fama da zazzaɓi, aka kai shi asibiti, aka fara yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, kamar dai yadda akan yi wa kusan duk mai zazzaɓi a ƙasar nan. Amma Dakta Ameyo Adadevoh ba ta gamsu ba. Ta dubi ƙasar da ya fito, ta ga ciwon bai bi hanyar da aka saba ba, sai ta yi zargin cutar Ibola, ta hana a sallame shi duk da matsin da aka yi mata. Gwaji ya gaskata ta. Ita kanta ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka riga mu gidan gaskiya, ran 20 ga Oktoba kuwa aka bayyana ƙasar ta rabu da cutar. Ya ce abin da ya gudana a kan likitan nan tsakanin ganin majiyyaci da yanke hukunci, shi ne abin da masana suka shafe shekara wajen hamsin suna bincike a kai.

A da, in ji shi, an ɗauka akwai wata dabara guda ta tunani wadda in ɗalibi ya iya ta, to, kowace cuta aka kawo masa zai warware. A jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, Arthur Elstein da Lee Shulman da Sarah Sprafka suka ce bari su gani da idonsu. Suka sa ƙwararrun likitoci su duba mutanen da aka koya wa kwaikwayon marasa lafiya, ana ɗaukar hotonsu, suna faɗin abin da ke ransu. Littafin da suka buga a 1978 ya ba mutane mamaki. Ashe likita ba ya jira sai ya tattara bayani duka, tun cikin mintocin farko yakan fara zargin cuta kaza ko kaza, ba su cika wuce huɗu ko biyar ba, sa'an nan ya shiga tambayoyin da za su tabbatar ko su rushe. Ɗalibi ma haka yake yi. Bambancin gwani da ɗan koyo kawai shi ne zargin gwani ya fi faɗawa daidai.

Abu na biyu da suka gano shi ya fi girgiza makarantu. Likitan da ya yi fice a kan majiyyaci ɗaya yana iya yin tuntuɓe a kan na gaba. Watau iya gano cuta ya rataya ne ga sanin ita cutar, da yawan masu ita da suka bi ta hannun mutum. Malamin ya kawo misalin dillalin shanu a kara: da kallo ɗaya ya san saniya mai ciwo, amma a kai shi kasuwar goro, sai ya zama baƙo. A 1990 Henk Schmidt da Geoffrey Norman da Henny Boshuizen suka bayyana cewa gwani yakan ajiye wa kowace cuta labarinta a ka, wa takan kama, a wane lokaci, da me take farawa, ina take ƙarewa. In majiyyaci ya shigo, sai ya gwada labarinsa da waɗanda ya ajiye. Don haka ɗalibin da bai kwana a ɗakin majiyyata ba, kome yawan haddarsa, da sauransa.

Daga nan ya juya kan jarrabawa, inda ya daɗe. Tsohon tsarin da makarantun ƙasar nan suka gada daga Ingila, tun daga ta Badun wadda aka fara a 1948, shi ne a ba ɗalibi majiyyaci ɗaya, ya keɓe da shi wajen awa guda, sa'an nan manyan malamai su zo su yi masa tambayoyi. Tsarin yana da amfani, don majiyyacin na gaske ne. Amma in binciken Mishigan gaskiya ne, to, sa'a ta yi yawa a ciki. Wani ya dace da cutar da ya sani, wani ya haɗu da wadda bai taɓa gani ba, ga shi kuma ba wanda ya tsaya ya ga yadda ya yi tambaya ko ya taɓa jiki. A 1975 Ronald Harden na Dandi a Sikotlan ya bayyana wata hanya dabam. Ana jera zango-zango, ɗalibi ya yi 'yan mintoci a kowanne, a kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba. Nan ya ɗauki labarin ciwo, can ya auna ƙirji, gaba ya karanta hoto. Kowa da kowa tambaya ɗaya, ma'auni ɗaya. Masu kwaikwayon ciwo kuwa, Howard Barrows ne ya fara amfani da su a Amurka a 1963.

Sai dai malamin bai yarda a ɗauki wannan hanya tamkar ba ta da aibi ba. A 1999 Brian Hodges da abokan aikinsa a Kanada suka sa tsofaffin likitoci da ɗalibai cikin irin wannan jarrabawa, ana ba da maki bisa yawan tambayoyin da mutum ya yi daga jerin da aka rubuta. Sai ga ɗalibai sun fi gwanaye maki, alhali da aka auna aikin gaba ɗaya gwanayen ne suka fi su. Dalili kuwa gwani ba ya ɓata lokaci kan tambayar da ba ta da amfani. A ganinsa, jarrabawar da ke kayar da gwani ita ce ke bukatar gyara. Shi ya sa Georges Bordage da Gordon Page suka ba da shawarar a riƙa kawo cututtuka masu yawa a taƙaice, a tambayi ɗalibi wurare biyu ko uku kawai inda kuskure ke halaka majiyyaci.

Game da kuskure, ya ambaci binciken Mark Graber da abokansa na 2005, waɗanda suka bi diddigin kurakurai 100 na gano cuta. Ƙarancin sani bai yi yawa a ciki ba. Abin da ya fi yawa shi ne likita ya kama zargin farko ya rufe ƙofa. Yi wa ɗalibi wa'azin ya yi hattara kawai bai cika tsinana kome ba. Abin da gwajin Silvia Mamede da Schmidt ya nuna yana taimako, musamman a cuta mai wuya, shi ne a sa shi ya rubuta abin da ya goyi bayan zarginsa, da abin da ya saɓa masa, da abin da ya kamata a gani amma ba a gani ba, sa'an nan ya yi haka ga wata cutar.

A ƙarshen jawabin ya komo kan masu sauraro. A 1975 John Hampton da abokansa a Ingila sun bi majiyyata 80, suka tarar a 66 daga cikinsu an gano cutar daga takardar da aka aiko su da ita da labarin da suka bayar, tun ba a taɓa jiki ko an ɗebi jini ba. A Amurka kuma, a 1984, Beckman da Frankel sun tarar likita yakan katse majiyyaci bayan daƙiƙa 18 a matsakaici. To, in haka ne inda harshe ɗaya ake ji, yaya ke nan ga mutumin da ya fito daga Sakkwato ko Gumel, likitan ba ya jin Hausa, shi kuma Turancinsa na kasuwa ne? Ya roƙi sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da sauran unguwanni su tanadi samari da 'yan mata masu ilmi waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya su yi tafinta, mace ta raka mace. Majiyyaci kuma ya faɗi ranar da ciwon ya fara, da garin da ya je kwanan nan, da sana'arsa, ya tafi da kwalin maganin da ya saya a kemis, kada kuma ya ɓoye jiƙo ko sassaƙen da ya sha don jin kunya. In an ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ya shanye bai ji sauƙi ba, ya koma ya faɗa, don taifot da sanƙarau da zazzaɓin Lassa duk da zazzaɓi suke farawa.

Da aka buɗe fagen tambaya, wani dattijo ya ce ko likita ba zai ji haushi ba in aka tambaye shi me kuma ciwon zai iya zama. Malamin ya amsa da cewa tambayar nan ita ce wadda shi kansa yake yi wa ɗalibansa kowace safiya a bakin gadon majiyyaci.