Fanka Da Wutar Da Take Sha

Jama'a, a watannin Maris da Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, da wuya a shiga wani gida mai lantarki a Mararrabar Rido, ko wani shago a bakin hanyar nan da ta tashi daga Kaduna ta nufi Kachia da Kafanchan, ba a ji fanka tana juyawa ba. Amma kaɗan ne suka san inda wutar da take sha take zuwa, kuma rashin sanin nan yana cin kuɗin magidanta, wani lokaci ma har ya jawo gobara.

Masana kimiyya sun tabbatar da cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. A dubi madatsar ruwa ta Shiroro da ke kan Kogin Kaduna a Jihar Neja, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600. Ruwan da aka tare yakan gangaro da nauyinsa ya juya manyan injuna, juyawar nan kuwa ita ke zama lantarki, ya biyo wayoyi har babbar tashar Mando a Kaduna, sa'an nan a rarraba shi. Fanka kishiyar wannan aiki take yi: a Shiroro motsi ne ke zama wuta, a ɗaki kuwa wuta ce ke komawa motsi.

A cikin kan fanka akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, wadda masu gyara ke kira koyil. Da an kunna, wutar da ke bi ta cikinta sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kewayawa, shi kuma ya ja ɓangaren da fukafukai ke ɗaure a jikinsa. Wani Bature mutumin Ingila, Michael Faraday, shi ya fara nuna a 1821 cewa lantarki yana iya juya abu haka. Fukafukan an ɗan karkata su, domin haka suke tura iska.

To, a nan ne akasarin mutane ke kuskure. Fanka ba ta sanyaya ɗaki ko kaɗan. Wani kashi na wutar yakan zama zafi tun a cikin koyil, shi ya sa kan fanka ke ɗumi in ta daɗe tana aiki. Wani ya zama ƙara. Iskar da aka tura kuwa takan goga da bango da kaya har motsinta ya mutu, shi ma ya koma zafi. Sanyin da mutum ke ji daga jikinsa yake: iska ce ke busar da gumi, gumin kuma ya tafi da zafin fata. Inda babu mutum, babu wanda za a sanyaya.

A yi lissafi. Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1,000 na tsawon sa'a guda. Fankar sama mai shan wat 75, in aka bar ta sa'a 8 kullum a ɗakin da ba kowa, watau daga fita aiki zuwa la'asar, za ta cinye yunit 18 a wata. Gida mai fanka uku sai ya ninka.

Abin da ya fi wannan hatsari shi ne fankar da ke gurnani ba ta juyawa. Haka kan faru in wuta ta zo da rauni, ko boris ya cije don ƙura da rashin mai, ko kuwa kwandensa ta mutu, watau 'yar na'urar nan da ke taimaka mata tashi. Sau da yawa akan ga yaro ya ɗauki sanda yana tura fiffike don ta tashi. Wannan ba magani ba ne. Muddin fanka na tsaye alhali wuta na shiga, duk ƙarfin da ya kamata ya zama motsi zafi yake zama a cikin koyil, har rufin wayar ya narke. Wanda ya ji gurnanin nan, ko warin ƙuna, lalle ne ya kashe makunni nan take, kada kuma a sake kunnawa sai mai gyara ya duba.