Yaro da Sarewar Turawa: A Fara da Numfashi

 Yau hirarmu ta shafi uwar da ɗanta ya dawo daga makaranta yana cewa shi fa sai an saya masa sarewar Turawa, wato wadda ake riƙewa a gicciye ana busa ta ta gefe.

Ita wannan sarewa, a siffar da aka san ta yau, wani Bajamushe ne mai suna Theobald Boehm ya ƙera ta a 1847. Ta ƙarfe ce, tsawonta wajen santimita 67, kuma gaɓa uku gare ta: kai, gangar jiki da ƙafa. To uwargida, ki auna wannan tsawo da hannun ɗan shekara biyar. Kafin yatsunsa su kai, sai ya karkace wuya, ya ɗage kafaɗa. Kwana kaɗan zai gaji, ya tsane ta, kuɗinki kuma sun tafi a banza.

Shi ya sa malamai da yawa kan jira sai yaro ya kai shekara bakwai ko takwas, ya gama famfarar haƙoran gaba. In kuwa za a fara kafin nan, akwai mai lanƙwasasshen kai, wadda aka yi domin masu gajeren hannu.

Amma kafin a je kasuwa, akwai aikin da za ki yi a gida. Ita ba a cusa ta a baki kamar usur, iska ake hurawa ta gifta bakin rami. Don haka ki ba shi kwalbar lemo da ba komai ciki, ya ɗora leɓen ƙasa a bakinta ya hura har ta yi kuka. A ƙasar Japan, Toshio Takahashi, wanda ya tsara koyar da sarewa bisa hanyar Suzuki, yakan sa yara su ɗora ƙwayar shinkafa a kan harshe su tofar. Da wannan wasa leɓe da harshe ke koyon aikinsu.

Ranar da sarewa ta shigo gida, kan kawai za a ba shi tukuna, sai sauti ya zauna a haɗa sauran. Minti biyar zuwa goma a rana sun isa. In ya ce yana jin jiri, ki sa ya huta, yawan hura iska ne. Ya gama, a goge cikinta da ƙyalle, a mayar akwati.

Kuma don Allah kada ki yi masa dariya in iska kawai ta fita, fuuu. Kowane gwani da haka ya fara, sannu ba ta hana zuwa.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.