Kaɗaici A Tsakiyar Jama'a: Abin Da Masu Zane Suka Hango A Birni



An ɗora mana nauyin yin jawabi game da zaman birni. Mun zaɓi mu ɗauki darasin daga masu zanen fenti, domin idonsu kan tsaya a kan abin da mu muke wucewa cikin gaggawa.

A shekarar 1942 wani Ba'amurke, Edward Hopper, ya yi wani zane mai suna Nighthawks, wanda ke ajiye a Cibiyar Fasaha ta Chicago. Ɗan gidan cin abinci ne da tsakar dare. Mutum uku na zaune, ma'aikaci ɗaya na hidima, fitila ta haske su sarai, titi kuwa babu kowa. Mai kallo yana leƙensu ta wani faffaɗan gilashi, amma ba zai ga ƙofar fita zuwa titi ba. Kusa da juna suke, sai dai kowa ya nutse cikin tunaninsa. A shekarar 2020, da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu, zanen Hopper ya yi ta yawo a intanet, saboda jama'a sun ga kansu a ciki.

George Tooker, shi ma Ba'amurke, ya dubi wani ɓangaren, wato maimaita abu guda kullum. A 1956, bayan ya sha wahalar neman takardar izinin gyaran gida a New York, ya zana wani ofishin gwamnati. Mutane masu kama ɗaya suna tsaye suna jira, ma'aikata kuma suna bayan gilashi mai duhu, ba a ganin fuskarsu sai ta wani ɗan zagayen rami. Duk wanda ya taɓa bin layin fansho ya san wannan ɗaki.

A zamaninmu kuma akwai Njideka Akunyili Crosby, wadda aka haifa a Inugu a 1983, 'yar marigayiya Dora Akunyili da ta shugabanci hukumar NAFDAC. Tana 'yar shekara 16 ta koma Amurka, ta kuma sami lambar yabo ta MacArthur a 2017. Takan zana ɗakunan zama na yau da kullum: mace zaune ita kaɗai, ko tebur da kofunan shayi da fitilar kananzir irin ta gidan kakarta. Idan aka matso kusa, sai a ga bango da daɓe da tufafi duk ƙananan hotuna ne na dangi da na mujallun Nijeriya, waɗanda ta kwafa a kan takardar zanen. Jiki yana baƙon gari, gida kuwa ya manne a kowace kusurwa.

'Yan uwa, yawancinmu haka muke a Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Mu fita da sanyin safiya, mu dawo bayan magariba, mu rufe ƙofa, gobe mu maimaita. Doguwar katanga ta maye gurbin zaure, maƙwabci ya kwanta ciwo mako guda ba mu sani ba. Abin ya kai har Birtaniya ta naɗa ministar kula da kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Idan gwamnati ta buɗe ofishi domin aikin da gaisuwar safe take yi a ƙauye, lallai an yi babbar asara.

Bambancin da muka lura da shi shi ne, mutanen Hopper da Tooker babu alamar inda suka fito, amma mutanen Njideka suna ɗauke da asalinsu. Mu ma muna da wannan guzuri, sai dai hoto a bango ba ya amsa sallama. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Saboda haka muna roƙon kowane reshe ya san tsofaffinsa da suka yi ritaya, da zawarawa, da samarin da suka zo neman aiki, ya kuma tsara ziyara gare su ko da sau ɗaya ne a wata. Saƙon waya ba zai wadatar ba.

Allah Ya ƙarfafa zumuncinmu, Ya mai da kowa gida lafiya.