Ɗorawar da muke ci, wa ya bar mana ita?

Iyayenmu mata, 'yan'uwanmu mambobi, mazajenmu da suka daure suka zo, da yaran da ke can baya suna jiran a buɗe kuloli, sannunku da zuwa. Ma'aji ta gama karanta lissafi, kun ji abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu 'yan kwamiti aka ba mu wannan lokaci mu yi maganar daddawa, tunda ita ta fi kawo mana kuɗi cikin shekara 10 da muka yi tare. To amma da muka zauna tsara maganar, sai muka ga daddawa ba ta tsayawa sai da kalwa, kalwa kuma sai da ɗorawa, ita kuwa ɗorawa tarihinta ya yi nisa ƙwarai. Ku yi haƙuri da mu, za mu ɗan yi zagaye kafin mu dawo kan tukunya.

Bari mu fara da abin da kowace mace a nan ta sani, wato ƙurar hunturu. Ki share ɗaki da safe, kafin azahar ta sake rufe kwanuka da sumogal. Mafi yawan wannan farar ƙura daga wani kwari take tasowa a arewacin ƙasar Chadi, ana ce masa Bodele. Yau wurin fayau yake, ba ruwa ba ciyawa. Amma ƙasar wurin fara ce, mara nauyi, domin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, waɗanda suka rayu suka mutu suka kwanta a ƙasan wani tafki shekaru dubbai. Ruwan ya ƙafe, iska ta samu abin kwasa. Wannan ƙurar da muke tsaki a kanta tana sauka a gonakinmu duk shekara, tana ƙara musu ɗan ƙarfi. Wata ma tana tsallake teku har dajin Amazon a Kudancin Amurka.

Tafkin da ake magana shi ne kakan Tafkin Chadi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, wato ya haura kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya. Wadda ta taɓa zuwa Maiduguri ta bi ta kan gaɓarsa ba ta sani ba, domin dogon tudun yashin da ya ratsa ta Maiduguri ya nufi Bama, bakin ruwan ne na wancan zamani.

In wata tana shakka, ga shaida kusa da gida. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya ɗara mita 8, an sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci. Da aka auna shekarunsa aka samu ya kai wajen 8,000. Ba a taɓa tono jirgin ruwan da ya girme shi ba a duk Afirka. Can arewa kuma, a Gobero cikin hamadar Tenere ta Nijar, masu bincike sun tarar da kaburburan mutane tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, a wurin da yau ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya ratsa. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da mutanen da suka zana a jikin dutse, tsayinsa ya fi mita 5. Mutum ba ya zana abin da bai taɓa gani ba da irin wannan ƙwarewa. Raƙumin dawa kuwa sai inda akwai itatuwa.

Me ya kawo ruwan, me ya ɗauke shi? Kun san yadda katantanwa take yi in yara sun murza ta, tana juyawa tana ɗan rangaji. Duniya ma haka take a tafiyarta, sai dai rangajinta ɗaya yana cin shekara sama da 20,000. Akwai lokacin da wannan rangaji yake sa zafin bazara ya ƙaru a ɓangarenmu, sai iskar damina mai tasowa daga teku ta yi ƙarfi ta kutsa can cikin Sahara. Haka aka yi daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce. Kafin nan kuwa akasin haka ne. Wajen shekara 20,000 baya, fari ya yi tsanani har rairayin hamada ya gangaro ya jera tuddai a ƙasar Kano da Haɗeja. Da ruwa ya dawo, ciyawa da itatuwa suka hau tuddan suka daure su da saiwa, suka tsaya cik. Su ne jigawar da muke shuka gero da gyaɗa a kai, har jiha guda ta samu suna daga gare su. Ke nan gonar da kike zuwa roro tsohuwar hamada ce da tsirrai suka kama suka riƙe. In aka kware mata wannan rufi, yashin yana nan a ƙasa, bai je ko'ina ba.

Wannan aikin ruwan sama ke nan. Amma ruwa kaɗai bai shirya ƙasar nan yadda muka tarar da ita ba, akwai ma'aikata. Ta farko ita ce gara, wadda ba mai yabonta a cikinmu, tunda ta ci mana azara ta ci mana zannuwan lefe. Sai dai a daji ita ce babbar manomiya. Tana jan kara da ganye da kashin dabbobi zuwa cikin ƙasa, tana fito da laka daga can ƙasa ta gina suri, ramukanta kuma su ne hanyar da ruwa yake bi ya nutse maimakon ya gudu. Ku lura da tsohon suri da ya rushe, sau da yawa a nan za ku ga tsamiya ko wani itace ya kafu ya yi lif. Manoman Yatenga a Burkina Faso sun daɗe da gane wannan. Marigayi Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya shahara ne saboda yana haƙa ƙananan ramuka a fako tun da rani, ya zuba taki ɗan kaɗan a ciki. Gara ta zo cin takin, ta huda fakon, damina ta sauka ruwa ya zauna. A haka ya mai da fili mara amfani ya zama daji. Mutanen Tawa a Nijar suna yin irinsa, suna ce masa tassa.

Sai dabbobi. Gawo itace ne mai halin kansa: da damina, lokacin da kowa ke yin ganye, shi sai ya zubar da nasa, ya bar gero ya sha rana, ganyen kuma ya zama taki a gindinsa. Da rani ya yi kore shar, shanu da awaki su taru a inuwarsa su ci 'ya'yan, su bar kashi. Ƙwayar gawo tana da ɓawo mai tauri, in ta bi ta cikin dabba ta fito sai ta fi saurin tsirowa, ga takinta a tare da ita. Yawancin gawon da ke gonakinmu, wallahi, akuya da saniya ne suka shuka. Ita ɗorawa kuma da dare ake yi mata aiki. Jan furenta mai kama da tuntu, jemagu ne suke zuwa shan zaƙinsa, su kwashi garin furen daga wannan itace zuwa wancan, sannan a samu 'ya'ya. Kuka ma haka. Yara masu danƙo, kun dai ji: wanda ya harbe jemage, miyar gidansu ya taɓa.

Ma'aikaci na ƙarshe shi ne mutum, kuma a nan ne maganar ta zo kanmu. In kika tsaya a bakin gari kika duba, za ki ga gonaki da itatuwa jefi-jefi: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo, kanya, ɗinya, aduwa. Wannan ba daji ba ne da ya rage. Zaɓi ne. Kakanninmu da suka yi sassabe sun sare abin da ba sa so, sun bar abin da ake ci da abin da ake magani, kuma kowane zamani ya sake yin haka har ƙasar ta ɗauki wannan kama. Shi ya sa a al'adarmu ake gādon ɗorawa daban da gona, har mace ta mallaki itace a gonar da ba tata ba. Kuka tana iya wuce shekara 1,000 a tsaye. In ka ga kukoki sun taru a daji ba gida ko ɗaya, tambayi tsofaffi, galibi kufai ne.

To, a watannin baya mun zaga gonakin da muke sayen kalwa, mu da wasu daga cikin iyayenmu da suka fi mu sanin wurin. Abin da muka gani ya tayar mana da hankali. Ɗorawa tana nan, amma kusan duk tsofaffi ne, wasu rassan sun bushe, wasu kauci ya cinye su. Ƙaramar ɗorawa wadda za ka ce nan da 'yan shekaru za ta fara haihuwa, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ɗaya. Kamar gari ne da ba a jin kukan jariri. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A da ana barin gona ta huta, ƙananan itatuwa su samu su tashi, yanzu ba saura. Garmar shanu da tarakta ba su san tsiro ba. Awakinmu, waɗanda muka yaba ɗazu, su ne kuma ke cinye tohon da rani. Sannan mu kanmu, mu faɗi gaskiya: muna tsince kalwa kaf ba ma barin ko ta iri, kuma dafa kalwa kwana da yini itace take ci ba kaɗan ba. Kowace a cikinmu ta san sau nawa bana ta koma daddawar waken suya don kalwa ta yi tsada. Masu saye kuma sun san bambanci, ko ba su faɗa ba.

Wata za ta ce ai fari ne, ba yadda muka iya. Gaskiya ne fari ya yi ɓarna. Iyayenmu ba su manta 1973 da 1984 ba, kuma Tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Amma ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ruwansu bai kai namu ba. Bayan wancan fari gonakinsu sun zama fili fetal. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kiraren da ake sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Sai aka fara barin toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran a kai murhu. Manoma suka ɗauka, wannan ya gani a gonar wancan. Suna kiransa sassaben zamani. Yau ana lissafin kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya, ba tare da an dasa su ba. Matan can suna samun itacen girki daga datse rassa, a gonar gida, ba sai sun yini a daji ba.

Sassaben zamani zai dawo mana da gawo da kalgo da sabara da aduwa, ya rage mana kuɗin itace. Amma ɗorawa, a inda kututturenta ma babu, sai an shuka, kuma a nan wahalar take. Tana ɗaukar wajen shekara 10 kafin ta fara haihuwa, kwatankwacin shekarun wannan ƙungiya tun daga ranar da muka fara adashe a zaure. Ba ta cika ƙarfi sai ta ninka haka. Wasunmu ba za su dafa kalwarta ba. Mun tattauna wannan a kwamiti, kuma ba mu ɓoye muku ba, ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce kuɗin da za a kashe gara a ƙara injin niƙa, wanda ribarsa za a gani bana. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Mafi yawanmu dai muka ga cewa injin ba zai yi amfani ba ranar da babu abin zubawa a ciki.

Ga abin da muke kawo muku. Daga kowane buhun kalwa da ƙungiya ta saya a kakar bana, a ware gwangwani ɗaya na ƙwaya mai kyau. A jiƙa ta, a shuka a leda a bayan shagonmu tun da bazara, inda akwai rijiya. Da ruwa ya zauna, kowace mamba ta ɗauki uku. Sharaɗin shi ne a kewaye kowane tsiro da ƙaya ko tsohon kwando har ya fi ƙarfin bakin akuya, don dashen da ba kariya sadaka ce ga awaki, mun sha gani.

Mazajenmu, ku ma akwai naku. Yawancin gonakin a hannunku suke. Muna roƙon ku yarda a dasa a kan iyaka, ku gaya wa masu huɗa su kauce, kuma a faɗa a gaban shaidu tun ranar dashe cewa itacen na wance ne da 'ya'yanta, don kada a zo ana rigima a gaban mai gari bayan ba mu. Wadda mijinta bai zo ba, ta kai masa wannan mujalla, ko a sa yaro ya karanta masa.

Bayan an ci abinci za a ɗaga hannu a kan maganar gwangwani ɗaya a buhu. Masu son su riƙa ban ruwa a bayan shago, sakatariya tana bakin ƙofa da littafi, muna neman mutum shida da za su riƙa karɓa-karɓa.