Jawabi Ga Ƙannenmu Masu Sha'awar Alƙalancin Sasanci



Abu uku zan jawo hankalinku a kai. Na farko, kwangila ba ta ƙulluwa sai da tayi, da amincewa, da abin musaya, da niyyar ɗaure kai bisa doka. Na biyu, ikonku daga yarjejeniyar masu jayayya yake fitowa, saboda haka kada ku wuce abin da suka miƙa muku. Na uku, ku saurari kowane ɓangare, ku bayyana duk wata alaƙarku da ɗayansu tun farko.

Dokar Nijeriya ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba wanda bai gamsu ba wata uku ya nemi kotu ta soke hukuncinku. Son kai da wuce iyaka suna iya buɗe masa ƙofa. Allah ya sa mu riƙe amana.