Jawabi ga Makiyaya a kan Ciwon Cikin Jarirai

Yau ba zancen burtali ko rijiya ne ya tara mu ba, zancen jariranmu ne.

Saniya ba ta magana, amma makiyayi yakan dubi tsayuwarta da kashinta da tuƙarta ya gane abin da ke damunta. Haka jariri yake. Ciwon hanji ba kamar ƙaya a ƙafa ba ne, ko babba bai iya nuna wurinsa daidai, balle jinjiri. Abin da za mu gani shi ne kuka da naɗe ƙafafu.

Wannan ciwo iri biyu ne. Na farko yakan soma wajen mako 2 da haihuwa, ya yi tsanani a mako 6, ya lafa a wata 3 zuwa 4. Yaro yana kuka, musamman da maraice, amma yana shan nono, yana kashi, jikinsa ba zafi. A ɗora shi a kafaɗa bayan ya sha har ya yi gyatsa, a goya shi, a shafa cikin sannu a hankali. Kada a jijjiga shi da ƙarfi.

Na biyu ba ya jiran wayewar gari. Ga alamunsa: amai kore, ciki ya kumbura ya yi tauri, jini a kashi, kumburi a matsematsi ko maraina wanda ya ƙi komawa, ƙin nono, zazzaɓi ga ɗan ƙasa da wata 2, ko yaro ya ƙwalla ƙara, ya yi laƙwas, jim kaɗan ya sake. Mai yiwuwa hanji ne ya murɗe ko ya shige cikin ɗan'uwansa. In an kai likita da wuri ana gyarawa, in an yi jinkiri hanjin ya mutu.

Don Allah mu bar ɗura wa jariri bauri da jiƙo da ruwan kanwa, mu bar tsaga da lalas. Maganin dabbobi da taramol da asfirin ba na jariri ba ne. Kafin wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ruwa, ba madarar shanu.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5, saboda haka kada tsoron kuɗi ya hana mu zuwa. Masu tashi da garke, ko zuwa Ingal lasar gishiri ko gangarowa kudu da rani, ku san gidan likita mafi kusa da kowane zango, ku riƙe lambar mai babur, takardar awon yaro kuma tana hannun uwarsa. In maigida yana kasuwa, a ba uwa izini tun yanzu ta tafi ba sai ya dawo ba.

Allah ya raya mana su. Wassalam.